Allon da Na Kafa a Kwanar Gidanmu

Gidan da aka haife ni yana daidai inda hanya ta yi gwiwa. Idan ka baro Kafanchan ka nufi ƙauyukanmu na wajen Madakiya, akwai wata doguwar gangara miƙaƙƙiya da take ruɗin direba ya saki birki, sai a ƙarshenta kwalta ta karya hagu ba sallama. Wanda bai karya tare da ita ba, katangarmu ce take tarbarsa. Lokacin da Baba ya gina gidan babu kwalta, turba ce ta masu ƙafa da masu keke. Shi ya sa duk wanda ya ce wa Mama an yi gini a inda bai dace ba, takan gaya masa cewa hanyar ce ta zo ta same mu, ba mu muka je muka same ta ba.

Da rana babu matsala, kowa yana hango kwanar. Da duhu ya shiga ne abin yake lalacewa, musamman lokacin citta, sa'ad da baƙin direbobi suke zuwa daga nesa su yi lodi su kama hanya bayan faɗuwar rana. Motar farko da ta faɗo mana wata bas ce, ta tumɓuke mana bishiyar gwaiba. Ta biyu ta rushe rumbun acca. Ta ukun ita ce ta tayar wa kowa hankali: babbar mota cike da buhunan citta ta fasa katanga ta shigo tsakar gida, ta tsaya taku kaɗan daga ƙofar ɗakin Mama, tayarta ta gaba a gefen kabarin Baba. Babu wanda ya mutu. Direban ya sauko, Mama ta ba shi ruwa ya sha, sannan ta fara yi masa faɗa. Sai da gidan ya yi mako guda yana ƙamshin citta.

A wajenmu mai gida a cikin gidansa ake binne shi. Baba yana kwance kusa da ɗakin Mama, an shafe wurin da siminti an kafa ɗan gicciye. Kullum da safe takan share masa wurin, tana shara tana ba shi labari, wadda ta haihu, wanda akuyarsa ta ɓata, abin da fasto ya faɗa ranar Lahadi da abin da ya kamata ya faɗa. Mun daɗe da daina ganin abin a matsayin abin mamaki.

Bayan motar citta, Yayanmu ya kira taron gida. Shi ne babba, yana aiki a Kafanchan, yana da mota da tabarau, kuma idan yana magana sai ka rantse daga takarda yake karantawa. Ya ce ya gyara wa Mama ɗaki a gidansa, da fanka da komai, kuma kafin Kirsimeti za ta koma can, a rufe wannan gida.

Mama ta ce, “Ni ba zan tafi ba. Babanku yana nan. Wa zai share mishi?”

“Mama, kabari ba ya gudu. Za mu riƙa kawo ki kina gani.”

“Ni baƙo ne da za a kawo ni in gani?”

Ni ce auta, malamar firamare ce a ƙauyen, gidan mijina kuma ba nisa. Kowa ya san ni da saurin fushi, ban taɓa musu ba. Amma ranar ba fushi ne ya cika ni ba, tsoro ne iri biyu. Ina tsoron wata mota ta huɗu, ina kuma tsoron abin da zai sami Mama idan aka raba ta da wannan tsakar gida. Na ga tsofaffin da aka kwasa aka kai birni don a hutar da su. Suna zama a kujera mai laushi suna kallon bango, kafin shekara ta zagayo sai a dawo da su a akwati.

A nan ne na tuna wani abu da na gani watanni kaɗan kafin haka. An tura mu wani taron malamai a Jos, muka taso da latti. Ni kuwa mota tana juya min ciki, don haka na roƙi direba ya ba ni gaba, abin da ban taɓa samu ba. Muna gangarowa daga duwatsu duhu ya rufe mu. Can gaba, a tsakiyar daji inda babu gida babu turken lantarki, sai na ga kibiyoyi sun kama haske, ruwan ɗorawa garau, suna nuna inda hanya ta karya. Na tambayi direban wa yake kunna wuta a wannan daji. Ya yi dariya ya ce, “Babu wuta, Malama. Fitilar motata ce. Allon ne yake dawo min da ita.” Na ga ƙafarsa ta koma kan birki tun kafin mu isa wurin.

Na ce wa taron gida, irin wannan allo zan kafa a kwanarmu. Yaya ya zare tabarau ya dube ni.

“Allo ne zai tare tirela?”

“Ba tare ta zai yi ba, Yaya. Gaya mata zai yi tun tana nesa. Direbobin nan uku dukansu abu ɗaya suka faɗa, ba su ga kwanar ba.”

Muka yi ta ja har Mama ta gaji ta tafi duba tukunya. A ƙarshe ya ce ya ji. Idan na kafa allo ya yi haske irin na manyan hanyoyi, zai bar Mama ta zauna a gani. Idan bai yi ba, za ta koma Kafanchan, kuma ni da kaina zan ɗauki akwatinta in sa a mota. Na ce na yarda, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Mai unguwa ya ba da izini, ya kuma raka ni ofishin hukumar da ya kamata a sanar. A Kafanchan aka nuna min shagon wani Alhaji mai sayar da kayan mota, dattijo ne daga tsofaffin gidajen kasuwa, mai magana a hankali. Ya ciro wata takarda mai sulɓi a naɗe, irin wadda ake mannawa a bayan manyan motoci, ya ce ita ce. Na duba na ga ba ta fi ledar sabulu kyau ba, amma na biya na karɓa. Mai walda ya yanka farantin ƙarfe mai faɗi ya sa masa ƙafafu biyu, aka manne takardar, aka yanka baƙaƙen kibiyoyi uku masu nuna hagu. Mijina ya haƙa rami a gaban sabuwar katanga, muka zuba siminti, allon ya tsaya yana kallon gangara.

Da na tsaya a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma bakina ya riga ya buɗe. Na faɗa a makaranta, na faɗa a taron zumuntar mata, na sa aka yi sanarwa a majami'a cewa ranar Asabar da yamma za a ga allo mai kama wuta ba tare da waya ba. Har na ce wa wata maƙwabciya ta shirya rufe ido.

Ranar Asabar tun rana ba ta faɗi ba aka cika ƙofar gidanmu. An fito da bencina an jera su a jikin katanga, dama da hagu da allon, don dattawa su samu wuri mai kyau kusa da shi. Mai ƙosai ta ɗauko kaskonta ta dawo nan. Yaya ya zo da hasken rana, ya shigar da motarsa tsakar gida, aka ba shi kujera a gindin allon, ya harɗe ƙafa. Mama tana gefensa da sabon ɗankwali. Ni kuma ina ta kai da kawo ina gyara wa mutane zama, ina ce wa na baya su matso kusa don kada su rasa gani.

Duhu ya shiga. Can saman gangara fitilun mota suka ɓullo, kowa ya yi tsit ya ɗaga kai yana kallon allon. Motar ta gangaro, haskenta ya bi ta kanmu ya bi ta kan allon, ta karya kwana ta wuce. Allon bai yi komai ba. Ya ɗan yi fari kamar yadda katanga ta yi fari, shi ke nan.

Na ce ƙaramar mota ce, fitilarta ba ƙarfi. Ta biyu ta zo, bas ce mai fitilu huɗu. Haka dai. Ta uku ma haka. Wani dattijo ya tambaya ko an manta ba a kunna shi ba ne, wani kuma ya tashi ya zagaya bayan allon yana lalube ko akwai maɓalli. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ta fi ta fili zafi. Na ce ai motocin suna rage gudu. Yaya ya ce duk direban da ya ga taron mutane a bakin hanya dole ya rage gudu.

Sai ya tashi, ya kunna fitilar wayarsa, ya miƙa hannu ya haska allon daga nan inda yake tsaye. Kamar fenti ne kawai ruwan ɗorawa.

Ya ce, “Ina tuƙi, na san na gaske. Na gaske idan haske ya taɓa shi sai ya kashe ido. Wannan leda aka sayar miki, auta. Ba laifinki ba ne.”

Wannan “ba laifinki ba ne” ya fi min zagi ciwo. Ya juya ga Mama ya ce Asabar mai zuwa zai zo da a-kori-kura a kwashi kaya. Ta cire sabon ɗankwalin ta ninke shi a cinyarta. Mutane suka watse suna yi min sannu kamar wadda aka yi wa rasuwa, ni kuwa na kwashi bencina ni kaɗai, don duk wanda ya zo taya ni sai na kore shi.

Ranar Litinin ina tashi daga makaranta na hau mashin sai Kafanchan. Na shiga shagon Alhaji ban ko gaishe shi ba. Na gaya masa ya ci amanata, ya sa na ji kunya a gaban garinmu, ya sa za a raba tsohuwa da gidanta. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba. Ya bar ni na gama, yana jan carbinsa, sannan ya ce:

“Malama, a ina kuka tsaya?”

“A ƙasa muka tsaya, Alhaji. A sama za mu tsaya?”

“Ki zauna in yi miki bayani.”

Ban zauna ba. Na ɗauka raini ne, na fice na bar shi da bayaninsa a baki.

Da yamma na biya ta wurin Mama. Na same ta ta fito da kwanukanta tana jerawa a kwali, ɗaya bayan ɗaya, tana goge kowanne kamar ba jiya ta wanke su ba. Ganin haka ya karya min zuciya. Na zauna na zayyana mata yadda muka yi da Alhaji, har da tambayarsa ta rainin hankali. Ta tsaya da goge kwano.

“Ya ce a ina mun tsaya?”

“Haka ya ce.”

“To ke, ranan da kin gani a hanyan Jos, a ina kin zauna?”

“A gaba. Kusa da direba.”

Ta ajiye kwanon. Ta daɗe tana kallon wajen kabari, sai na ga kafaɗunta suna motsi, na zaci kuka take yi. Ashe dariya ce. Ta koma yarenmu, don idan magana ta kai mata zuci ba ta yin ta da Hausa, ta ba ni wani labari da ban taɓa ji ba.

Baba maharbi ne kafin gwiwa ta hana shi, wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne, suna sabon aure ta matsa masa sai ya tafi da ita farautar dare sau ɗaya, don ta ga abin da yake fitar da shi daga ɗaki. Ya ɗaura fitilarsa a goshi, tana bin sa a gefe. Sai ya tsaya ya ce ga zomo can, ga idanunsa suna ƙyalli. Ta duba inda hasken ya sauka, ciyawa kawai ta gani. Ya sake nuna mata wani, ba ta gani ba. Ta ce masa ƙarya yake yi don ya burge ta. Sai ya jawo ta ya haɗa kuncinta da nasa, ya ce ta sake dubawa. Ta ce a take ta ga idanu biyu jajaye a cikin ciyawar, da wasu can baya, daji duk ya cika da idanu. Ya gaya mata cewa idon dabba ba ya mayar da haske sai ga wanda hasken ya fito daga wurinsa. Shi ya sa maharbi yake ɗaura fitila a goshi, ba ya ba wani ya riƙe masa.

Ta ce, “Daga baya na gane da gangan ya bari na yi ta musu, don ya samu dalilin jawo ni.”

Ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin da ba ta bari kowa ya taɓa, ta fito da fitilar. Tsohuwa ce mai madaurin roba da ya saki, Baba ya ƙulle shi da zare a wuri biyu. Muka cire batir daga rediyonta muka sa, muka kankare tsatsa da wuƙa. Ta kama, ba da ƙarfi ba, amma ta kama.

Muka jira rana ta faɗi. Muka bi gefen kwalta muka haura gangara, Mama tana dogara sanda, har muka kai wajen bishiyar ɗorawa inda motoci suke fara sakin gudu. Muka juyo. Gidanmu ya zama duhu ɗaya da daji. Mama ta ɗaura fitilar a kan ɗankwalinta, ta ɗaga kai tana neman wurin. Ni ina gefenta ban ga komai ba. Sai na ji ta ja numfashi.

Ta ce, “Zo nan.” Ta kama wuyana ta haɗa kuncina da nata.

Ga shi can. Kibiyoyi uku baƙaƙe a tsakiyar wani haske ruwan ɗorawa mai kaifi, yana tsaye shi kaɗai a cikin duhu kamar an buɗe taga a ɗaki mai fitila. Da wannan 'yar fitila mai mutuwa. Na janye kaina taku biyu, ya dushe. Na dawo, ya dawo. Na yi haka ya fi sau biyar, Mama tana ce min in daina, wuyanta ya gaji. Na yi kuka a wurin, kukan daɗi da na haushin kaina, don ni ce na jera wa mutane benci a gindin allo, a wurin da babu mai iya gani, na kuma ce wa na baya su matso.

Na ce bari in ruga in kira mai unguwa. Mama ta riƙe min zane.

“Kin yi sanarwa sau ɗaya, ya isa. Ki rufe bakinki har Asabar.”

Kwana biyar ɗin nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Ana yi min ba'a a bakin rijiya, wata malama a makaranta ta tambaye ni ko zan ba ta allon ta rufe akurkin kaji, ni kuma ina haɗiye amsa. Mijina ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne, don bai saba ganina shiru ba. Mama kuwa ta ci gaba da ɗaure kaya kamar da gaske.

Ranar Asabar Yaya ya zo da a-kori-kura da tsakar rana, da niyyar su koma da wuri. Bai san da wa yake yi ba. Mama ta ce ba za ta bar gidan mijinta da yunwa ba, sai an dafa gwate. Aka dafa, aka ci. Ta ce sai matan zumunta sun zo sun yi mata addu'a. Suka zo da gangunansu da tulun kiɗa, aka yi waƙa, aka yi addu'a, wata ta ƙara wata addu'ar a kan ta farko. Aka ɗora gado da kwalaye a mota. Yaya ya nuna min akwati, na ɗauka na kai na sa da hannuna kamar yadda na yi alkawari, ban ce uffan ba. Yana ta duba agogo, rana tana ta sauka. Maƙwabta suka taru yin sallama, kusan duk waɗanda suka zo wancan makon.

Da duhu ya fara, Mama ta miƙe ta ce kafin ta shiga mota tana so a raka ta wajen ɗorawa, ta kalli gidanta daga nesa sau ɗaya. Babu wanda zai hana tsohuwa wannan. Aka bi ta a hankali, jama'a a baya, Yaya yana riƙe da hannunta. Da muka isa ta ciro fitilar daga cikin zanenta. Yaya ya gane ta nan take, na ga fuskarsa ta canza.

Ba shi ta fara ba wa ba. Ta ɗaura wa mai unguwa, ta juya masa kai da hannunta biyu ta ce ya duba gida. Dattijon ya duba, ya ce, “Ikon Allah.” Waɗanda suke gefensa suka ce me ya gani, su ba su ga komai ba. Ya ƙi cire fitilar sai da aka roƙe shi. Daga goshinsa ta koma goshin matar fasto, daga nan sai mai ƙosai, sai dattijon da ya nemi maɓalli. Duk wanda aka ɗaura wa sai ya yi tsit, na kusa da shi kuma su yi ta musu har layi ya zo kansu. Matasa suka gane dabarar, suka kunna fitilun wayoyinsu suna mannawa a gefen ido. Cikin ɗan lokaci gefen hanya ya cika da mutane kowa da haske a kunci, kowa yana ganin nasa allon. Wata daga cikin matan zumunta ta rangaɗa guɗa, masu ganga suka ɗauka.

Yaya ne na ƙarshe. Mama ta ce ya sunkuya, ya sunkuya, ta zare masa tabarau ta ɗaura masa fitilar ubansa sannan ta mayar masa da tabaraun. Ya ɗaga kai. Ya daɗe a tsaye.

Mama ta ce, “Kai kana tuƙi, ka san na gaske. To wannan na gaske ne ko leda ne?”

Ya cire fitilar ya miƙa mata, ya gangara gida da ƙafa. Muka ji ya tayar da a-kori-kura. Ya hauro da ita ya wuce mu, gadon Mama yana rangaji a baya, ya je can sama ya juyo. Ya tsaya a gabanmu ya buɗe ƙofa.

“Auta, shigo. Mama, ki shigo gaba.”

Muka matsu mu uku. Ya kunna manyan fitilu ya saki mota. Da fitilar Baba allon haske ya yi, amma da fitilun mota sai ya zama wani abu dabam, har sai da Mama ta kare ido da hannu. Tun daga ɗorawa kibiyoyin suke cewa hagu, kuma na ga ƙafar Yaya ta tafi kan birki da kanta kamar ta direban hanyar Jos. Bai karya kwanar ba. Ya shiga ƙofar gida a hankali ya tsaya a tsakar gida ya kashe mota.

Ya ce, “Allo ɗaya bai isa ba. Sai an ƙara wani a wajen ɗorawa, a kuma kafa turakun kankare a gaban katanga, a manna musu wannan takarda. Ni zan yi.”

Na ce, “Wace takarda, Yaya? Ledar?”

Ya ce, “Sauka ki ɗauke akwatin nan ki mayar inda kika ɗauko shi.”

Ban taɓa ɗaukar kaya mai daɗin wannan ba. Na ɗora shi a ka na ratsa ta tsakiyar matan zumunta suna kiɗa, na yi rawa da shi har ƙofar ɗaki. Malamar da ta nemi murfin akurki tana wurin, na tsaya a gabanta na ƙara juyi biyu.

Ranar kasuwa na koma wurin Alhaji da busasshiyar citta a ƙullin leda. Na gaishe shi yadda ya kamata, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya karɓa ya shinshina ya ce, “Kun matsa baya ke nan.” Na ce mun matsa. Ya ce to yanzu in zauna ya yi min bayanin da na ƙi ji, na zauna na saurara har ƙarshe ko da yake na riga na sani.

Yaya ya cika alkawari, an kafa turaku an ƙara allo. Ba zan ce direbobi sun zama waliyyai ba, har yanzu akan ji ƙarar birki wani lokaci. Amma tun daga ranar babu motar da ta sake taɓa katangarmu. Mama ta yi Kirsimeti a gidanta, ta yi wadda ta biyo baya, tana nan har yau. Aikinta na safe ya ƙaru. Idan ta gama share wa Baba, takan ɗauki tsumma da ruwa a roba ta fita ta goge allon, saboda taɓon damina yana rage masa haske. Ba ta yarda kowa ya yi mata.

Wata safiya na zo da wuri na same ta tana shara a wajen kabarin, ba ta ji shigowata ba. Tana ba shi labarin ne, ban san ko karo na nawa ba, yadda mai unguwa ya ƙi cire fitila, yadda babban ɗansa ya sunkuya a gaban jama'a. Ta tsaya ta dogara da tsintsiya ta ce masa, “Fitilarka tana akwati, na cire batir ɗin. Ni kuma ina nan.”